Tarihin Makarantun Jinya: Ɗalibi ko Ɗan Ƙodago?



A ƙasarmu duk wanda ya sa farar riga ya riƙe allura, likita muke ce masa. Amma ma'aikatan asibiti iri-iri ne. Akwai lokotoro, mai binciken cuta da rubuta magani. Akwai ungozomar asibiti. Akwai kuma ma'aikacin jinya, wanda Faransawa ke kira anfirmiye, ƴan'uwanmu na Nijeriya su ce nas. Shi ne ke kwana da maras lafiya, ya auna zafin jikinsa, ya ba shi magani a kan lokaci, ya wanke miki, ya lura in numfashi ya sake. A ƙauyuka da yawa ma shi kaɗai ne asibitin. Yau tarihin karatunsa za mu duba. Cikin tarihin nan akwai tambaya guda da masu bincike suka yi fiye da shekara ɗari suna komawa kanta: yarinyar da ta shiga makarantar jinya, ɗaliba ce da ake koya wa, ko kuwa ƴar ƙodago ce da asibiti ya samu da arha?

A da can, a ƙasashen Turai, jinya ba sana'ar karatu ba ce. Matan coci ne ke yi don neman lada, ko kuwa matalautan mata da ba su da wata hanyar cin abinci. A 1836 wani limamin Kirista, Theodor Fliedner, ya buɗe gidan koyar da mata jinya a Kaiserswerth, ƙasar Jamus. Can ne wata ƴar masu kuɗin Ingila, Fulorans Naitingel, ta je a 1851 ta yi wajen wata uku.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha a yankin Kirimiya. Cikin watan Nuwamba na shekarar, Naitingel ta sauka asibitin sojan Ingila a Scutari, gefen Istambul, da mata 38. Abin da ta tarar shi ne harsashi bai kai cuta kisa ba. Atuni, kwalara da zazzaɓi iri-iri ne ke kwashe sojoji. An sha ba da labari kamar zuwanta kaɗai ya tsai da mutuwa, amma ba haka ba ne. Mutuwa ta yi ta hawa cikin sanyin shekarar, ba ta sauka sosai ba sai bayan watan Maris na 1855, da gwamnati ta aiko wani kwamitin tsabta ya yashe magudanai, ya gyara ruwan sha, ya buɗe wa iska hanya. Girman Naitingel a wani wuri yake. Da ta koma gida sai ta zauna da wani masanin ƙididdiga, William Farr, suka ƙirga matattu wata-wata, ta zana lissafin yadda ko wanda ba ya son lissafi zai gane, ta kai gaban hukuma. Tun daga nan aikin jinya da ƙidaya suka ƙulla zumunci.

Mutanen Ingila suka tara mata gudummawa fiye da fam 40,000. Da kuɗin nan aka buɗe makarantar jinya a asibitin Sen Tomas na Landan a 1860, da ɗalibai 15, karatun shekara guda. Sunan makarantar ya zagaya duniya. To, amma da wata masaniyar tarihi, Monica Baly, ta tona takardun asusun, ta fid da littafinta a 1986, sai aka ga cewa shekarun farko ba su kai yadda ake yabo ba. Darussa kaɗan ne, da yawa cikin ɗaliban ba su daɗe a aikin ba, asibitin kuwa ya sami masu yi masa aiki da kuɗin asusu. Ita Naitingel da kanta ta gano haka bayan shekara goma da ƴan kai, aka sa wani lokotoron fiɗa ya riƙa ba da darasi a kai a kai. Kun ji, ciwon ya fara tun daga uwar makarantu.

Sai gardamar takardar shaida ta taso. Wasu ma'aikatan jinya, a ƙarƙashin Ethel Fenwick, suka ce gwamnati ta riƙa yin jarrabawa, ta rubuta sunan wanda ya ci a littafi, don a bambanta mai ilimi da mai da'awa. Naitingel ta ƙi. A ganinta jarrabawa ba ta auna haƙuri da amana. A nan ina ganin rabin gaskiya gare ta: jarrabawa ba ta auna hali, amma maras lafiya ba shi da wata hanyar sanin ko mai allurar nan ya taɓa zama aji. Mulkin Kap na Afirka ta Kudu ya fara rajista a 1891, Niyu Zilan ta yi dokarta a 1901, Ingila sai 1919.

A Faransa, wata lokotoro mai suna Anna Hamilton ta rubuta kundin kammala karatunta a 1900 a kan halin masu jinya na asibitocin ƙasar, ta nuna ƙarancin horonsu, daga baya ta riƙe makarantar jinya a Bordo. Léonie Chaptal ita ma ta yi ta fafutuka a Paris. A 1922 gwamnati ta sa hannu a dokar da ta kafa takardar shaidar jinya ta ƙasa. Wannan ce kakar difulom ɗin gwamnati da ƴaƴanmu ke nema a makarantun kiwon lafiya.

Amma inda aka yi wa al'amarin binciken ƙwaƙwaf shi ne Amurka. Can an buɗe makarantu uku irin na Naitingel a 1873, a Niyok, Bostan da New Haven. Masu asibitoci ba su daɗe ba suka gane wata dabara: in ka buɗe makaranta, ka sami ƴan mata masu yi maka aiki shekara biyu ko uku, abin da za ka kashe abinci ne, da wurin kwana, da ɗan abin sabulu. Sai makarantu suka yi ta tsiro kamar ciyawar damina. A 1900 sun wuce 400, a 1910 sun wuce 1,000. Ƙaramin asibiti mai gadaje kaɗan, wanda ba ya ganin cututtuka iri-iri, shi ma da makarantarsa. Yarinya na gamawa a sallame ta, a ɗauki sabuwa, don ba a son biyan albashi.

Gidauniyar Rockefeller ta ba da kuɗi aka kafa kwamiti, aka ɗora wa Josephine Goldmark aikin binciken. Ita ba ma'aikaciyar jinya ba ce. Mai binciken halin ƴan ƙodago ce, ta riga ta yi suna a kan nazarin gajiya da tsawon lokacin aiki a masana'antu. Watakila shi ya sa ta ga abin da ƴan gida suka saba gani har suka daina gani. Masu bincikenta suka shiga makarantu 23, suka duba yadda ɗaliba ke cin ranarta awa-awa. Rahoton ya fito a 1923. Ya nuna cewa lokaci mai yawa na tafiya a shara, goge-goge da gyaran gado, ayyukan da ɗaliba ta riga ta iya tun watannin farko. Ana sa ta gadin dare tun ba ta ƙware ba, ba mai duba ta sosai. Malamai ba su isa ba, wasu ba a koya musu koyarwa ba. Darasi kuwa sau da yawa ga gajiyayyu ake ba da shi, in aiki ya yi yawa a ɗakin marasa lafiya a ɗage shi. Duk lokacin da bukatar asibiti ta ci karo da bukatar ɗaliba, asibiti ke cin nasara. Wanda ya taɓa koyar da manoma da dare bayan sun yini a gona ya san abin da gajiya ke yi wa karatu.

Shawarar rahoton ita ce kada a ɗauki wadda ba ta gama sakandare ba, a cire ayyukan da ba koyo cikinsu har karatun ya dawo wata 28, aiki da darasi kada su wuce awa 48 a mako. Mafi girma, makaranta ta sami kuɗinta na kanta, kada ta ci daga tukunyar asibiti, a kuma kafa wasu cikin jami'o'i don horon malamai da shugabanni. A shekarar nan ta 1923 jami'ar Yale ta buɗe makarantar jinya mai cin gashin kanta, Annie Goodrich ce shugabarta ta farko.

Sauran makarantu fa? Yawancinsu suka ci gaba yadda suke, don gyaran kuɗi yake ci. A 1948 wani rahoton, na Esther Lucile Brown, ya maimaita kusan magana guda. Ingila ba ta fara cire ɗalibai daga lissafin ma'aikatan asibiti ba sai 1989. Faransa ta daidaita difulom ɗin jinya da digirin farko na jami'a a 2009, Ingila kuma ta mai da digiri sharaɗi ga sababbin shiga a 2013.

Yanzu mu juyo gida Afirka, inda mulkin mallaka ya bi wata hanya dabam. Faransawa sun buɗe makarantar likitanci a Dakar a 1918, inda ake horar da mataimakan lokotoro da ungozomomi. Wajen jinya kuwa, abin da ya fi damunsu shi ne annoba. A Ayos ta ƙasar Kamaru, lokotoro Eugène Jamot ya horar da samari don yaƙi da ciwon barci, kowa da aikinsa guda: wannan ya lalubi kaluluwa a wuya, wancan ya ɗebi ruwanta, wani ya duba a madubin likita, wani ya yi allura. Dabarar ta ci, ciwon ya ja baya ƙwarai a inda ayarinsa suka ratsa, har aka sa wa wata makarantar jinya a Bobo Julaso sunansa. Sai dai horon hannu ne. An koya wa mutum abin da zai yi, ba a zurfafa masa dalili ba, kuma ba a shirya shi ya riƙe asibiti shi kaɗai ba. Bayan samun mulkin kai, gyaran wannan gibi ya faɗo kan makarantun ƙasa, irin na Yamai da Damagaram. Ta Yamai na ɗauke da sunan Damure Zika, ma'aikacin lafiyar nan ɗan gidan masunta da ya fito a finafinan Jean Rouch, wanda ya rasu a 2009. A Nijeriya kuma, Kofoworola Pratt ta shiga makarantar Naitingel ɗin nan ta Sen Tomas a 1946, ta dawo gida har ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirin jinya a 1965.

Duk tsawon wannan lokaci masu riƙe da baitulmali suna da tambayarsu: ina shaidar cewa dogon karatu na ceton rai? Amsa da lissafi ta zo daga Linda Aiken da abokan aikinta na jami'ar Fensilbaniya. A 2003 suka duba asibitoci 168 da marasa lafiya fiye da 230,000 da aka yi wa fiɗa. Suka ga cewa duk inda masu digiri suka ƙaru da kashi 10 cikin 100, wato mutum guda cikin ma'aikata goma, haɗarin mutuwa cikin kwana 30 na raguwa da kashi 5 cikin 100. A 2014 suka sake aikin a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, da marasa lafiya fiye da 420,000. Wannan karon ragin ya kai kashi 7. Suka kuma ga cewa duk maras lafiya guda da aka ƙara wa ma'aikaciya a kan nauyinta, haɗarin mutuwa na hawa da kashi 7. Sun yi la'akari da shekarun marasa lafiyar, da nauyin cutarsu, da girman asibiti da kayan aikinsa, kafin su fid da lissafin.

Dalilin ba boyayye ba ne. Bayan fiɗa lokotoro ya tafi gida. Da tsakar dare zafin jiki ya ɗan hau, bugun jini ya yi sauri, fitsari ya ragu. Kowace alama ita kaɗai ba ta da ban tsoro. Wadda aka koya wa yadda jiki ke aiki ita ce za ta haɗa ukun, ta gane jini na zuba a ciki ko miki ya ruɓe, ta ta da lokotoro tun da sauran lokaci. Wadda aka koya wa cika takarda kawai za ta rubuta lambobin daidai, ta jira safiya.

Lissafin nan na manyan asibitocin Turai da Amurka ne, ba za a ɗauke shi a aza wa ɗakin shan magani na ƙauye kai tsaye ba. Mu nan ƙarancin mutane ma babban ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2020 duniya na da gibin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wannan gibi ne ke sa a yi gaggawar buɗe makarantu, na gwamnati da na kuɗi, kuma irin gaggawar ce ta cika Amurka da makarantu a 1910. Saboda haka uban da zai sai da bijimi ya biya wa ƴarsa makarantar jinya yana da damar yin tambayoyin Goldmark kafin ya kwance kuɗinsa. Hukuma ta amince da makarantar? Malamai nawa ne nata na kanta, ba na aro ba? A wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki, su nawa ke taruwa a kan gado guda? Daren da aka sa yarinyar gadi, wa ke tsaye kusa da ita?