John Peel: Ɗan Mai Auduga Da Ya Tafi Ci-rani Amurka



Yau tarihin wani Bature zan kawo mana, mai suna John Peel. Waɗanda suka saba murɗa akwatin rediyo a gajeren zango, idan an rufe Sashen Hausa na BBC su zarce na Turanci, wataƙila sun taɓa cin karo da muryarsa, wata murya ƙasa-ƙasa kamar ta mai jin barci, yana saka kaɗe-kaɗen da ba kasafai ake jin irinsu ba. Dalilin da ya sa na zaɓo shi kuwa, kafin ya zama wani abu a ƙasarsu sai da ya yi kusan shekara bakwai yana zaman baƙunci a ƙasar wasu, kamar dai yadda mu ma muke zaune a ƙasar Gbagyi.

Sunansa na yanka John Robert Parker Ravenscroft. An haife shi ranar 30 ga Agusta, 1939, a garin Heswall kusa da Liverpool. Matasanmu ƙwallo suka sani da wannan birni, amma kakanninmu da auduga suka san shi, domin audugar da ake gurzawa a Zariya da Funtuwa da Gusau zamanin Turawa, da yawa ta tashar jiragen ruwan Liverpool take bi kafin ta isa masaƙun Ingila. To, mahaifin John babban ɗan kasuwar auduga ne a can. Ya saka shi makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali a Shrewsbury, amma yaron bai yi wani abin a-zo-a-gani a karatu ba, hankalinsa yana kan faya-fayan garmaho. Daga nan ya yi aikin soja na tilas, ya gama a 1959, ya ɗan taɓa aiki a wata masaƙa a garin Rochdale.

A 1960 ya nufi birnin Dallas na jihar Texas a Amurka don ya koyi cinikin auduga a wajen abokan hulɗar mahaifinsa. Abin bai ɗore ba. Ya koma yawon tallar inshora gari-gari, da dare kuma yana kunne a rediyo yana sauraron kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. Son wannan kiɗa ne ya kai shi tashar WRR, inda aka ba shi dama ya riƙa gabatar da wani ɓangare na shirin Kat's Karavan, ba tare da ana biyansa ko sisi ba. Yana Dallas aka harbe Shugaba Kennedy a watan Nuwamba na 1963, har ya yi shigar burtu ya ce shi wakilin jaridar Liverpool Echo ne, aka bar shi ya shiga ɗakin da aka nuna wa 'yan jarida wanda ake zargi, wato Lee Harvey Oswald.

Ƙofar arziki ta buɗe masa a 1964, lokacin da mawaƙan nan huɗu na Liverpool da ake kira Beatles suka rikita matasan Amurka. Duk wanda ya fito daga Liverpool sai ya zama ɗan gata. Tashar KLIF ta ɗauke shi a matsayin masanin Beatles, alhali babu wata sanayya tsakaninsa da su, yanki kawai suka haɗa. Sai ya ƙara wa harshensa gishiri, ya riƙa magana da karin mutanen Liverpool fiye da yadda ya taso yana yi. Mu da ke Abuja mun san irin wannan. Mai nama ya ce shi ɗan Tsafe ne, mai turare ya ce daga Maiduguri yake, ciniki ya ƙaru, domin sunan gida jari ne a hannun baƙo. Da wannan jari John ya samu cikakken aiki a tashar KOMA ta birnin Oklahoma, daga baya ya koma KMEN a San Bernardino ta jihar California.

Sai dai a nan ne kuma tabon rayuwarsa yake, kuma tarihi ba ya cika idan an ɓoye shi. Farin jinin da ya samu a ɓagas ya sa 'yan mata 'yan makaranta suna tururuwa zuwa tashar, shi kuma da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida daga baya irin lalatar da ya yi da su, har da masu ƙananan shekaru. A 1965 ya auri wata 'yar shekara 15 a Texas, auren da bai yi daɗi ba, ya mutu a 1973. Maganar ta lafa tsawon shekaru, amma a 2012, shekara takwas bayan mutuwarsa, jaridun Ingila suka sake tono ta, kuma tun daga nan ba a ambaton sunansa ba tare da wani ya tuno da ita ba.

A farkon 1967 ya koma gida. A lokacin, gwamnatin Ingila ba ta ba 'yan kasuwa lasisin buɗe rediyo, don haka wasu suka kafa tashoshi a cikin jiragen ruwa can tsakiyar teku inda doka ba ta kai ba. Ɗaya daga cikinsu, Radio London, ita ta ɗauke shi, kuma a nan aka laƙa masa sunan John Peel. Tsakar dare yake shirinsa, lokacin da manyan tashar suke barci, sai ya yi watsi da jerin waƙoƙin da aka ba shi ya riƙa saka abin da kunnensa ya yarda da shi. Sabuwar doka ta rufe tashar ranar 14 ga Agusta, 1967. A ƙarshen Satumba BBC ta buɗe Radio 1, ta ɗauke shi, ya zauna a nan shekara 37.

Abin da ya ɗaukaka shi ɗabi'a ce da ya koyo a zaman baƙunci, wato kasa kunne ga wanda ba a sani ba. Matasa kan aiko masa da kaset daga ko'ina, ya saurara da kansa, wanda ya burge shi ya gayyato shi ɗakin ɗaukar murya na BBC. An ɗauki irin wannan zama sama da 4,000, da mawaƙa sama da 2,000. Bob Marley ya yi nasa a 1973, tun duniya ba ta gama saninsa ba. Bhundu Boys na ƙasar Zimbabwe sun yi nasu a 1986, suna rera waƙa da harshen Shona, yaren da yawancin masu sauraronsa ba sa jin ko kalma ɗaya. Muryarsa ta sake ƙetare teku ta sashen BBC mai watsa shiri ga duniya, da rediyon sojojin Birtaniya, da tashoshi a Jamus da Finland da Holan. Mutuwa ma a ƙasar baƙunci ta riske shi, ciwon zuciya ya kama shi a birnin Cusco na ƙasar Peru ranar 25 ga Oktoba, 2004, yana da shekara 65.

To jama'a, mu dawo gida. Tun da aka ƙirƙiro Birnin Tarayya a 1976, aka kuma dawo da fadar gwamnati a 1991, muke ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, har da Maraɗi. Mun zo da sana'o'inmu da sunan garuruwanmu, kuma sun ciyar da mu. Amma mu nawa ne a cikinmu suka iya gaisuwa da harshen Gbagyi bayan shekara ashirin? Mu nawa ne suka taɓa zama suka saurari tarihin dattawan da muka tarar a gindin waɗannan duwatsu? Su sun koyi Hausa don su yi ciniki da mu, mu kuwa ko sannu ba mu rama ba. Hausawa dai sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma maganin wannan makanta shi ne tambaya da sauraro.

Sai kuma batun amana. Ƙauyen da John ya bari ba su ga abin da ya yi a Dallas ba, amma bayan kusan shekara hamsin maganar ta biyo shi har kabari. Matasanmu masu acaba da masu shago da ke ganin babu idon iyaye a nan, su sani 'ya'yan masu masauki amana ne, kuma abin da ɗayanmu ya ɓata, sunan dukkanmu yake shafa.

Allah Ya ba mu ikon zama lafiya da waɗanda suka karɓe mu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.