Edward Lyttelton: daga filin kurket zuwa shugabancin Eton

An haifi Edward Lyttelton a Ingila a shekara ta 1855. A jami'ar Kambirij ya yi suna wajen kurket, wasan ƙwallo da sanda da Turawan Ingila ke ji da shi. A 1878 ya jagoranci ƙungiyar jami'ar, suka ƙare kakar ba wanda ya kayar da su, har ƴan Ostiraliya da suka kawo ziyara.

Daga baya ya zama malami kuma limamin coci. Ya shugabanci makarantar Haileybury daga 1890, sannan a 1905 aka damƙa masa Eton, inda ake tarbiyyar ƴaƴan manya.

A watan Maris na 1915, tsofaffin ɗalibansa na faɗuwa a fagen fama, ya yi wa'azi a Westminster cewa kada a wulaƙanta Jamus in an ci ta, domin addininsu ya umurce su da son maƙiyi. Jaridu suka yi masa ca, suna zargin sa da goyon bayan abokan gaba. A 1916 ya ajiye shugabancin. Ya rasu a 1942, ana tsakiyar yaƙi na biyu da Jamus.