Baga da Tafkin Cadi: Tarihin Gari Mai Bin Ruwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa tarihin Baga, cikin ƙasar Kukawa ta Jihar Borno, ba ya fahimtuwa sai an dubi cikar Tafkin Cadi da janyewarsa.

Asalin garin a kan wani tsinin ƙasa yake wanda ya kutsa cikin tafkin daga gaɓar yamma. Tafkin kuwa ba shi da zurfi, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwansa daga kogin Shari da na Logon yake zuwa. Saboda haka in damina ta gaza a can kudu, gaɓa takan ja da baya da nisa ƙwarai.

Tun da daɗewa Buduma ke su a tsibiran tafkin cikin jiragensu na ciyawa. Amma a shekarun 1960, sa'ad da faɗin ruwan ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, zuwan ragar nailan da gyaran hanyar mota daga Maiduguri suka mai da su babbar sana'a. Masunta Hausawa suka yi ta kwararowa, banda kuma ta riƙa fita buhu-buhu zuwa Kano da Zariya, har Anaca da Ikko.

Farin 1972 zuwa 1974 shi ya juya al'amarin. Wani tudu ya ɓullo daga wajen Baga ya raba tafkin biyu, ɓangaren arewa ya riƙa ƙafewa. Giwar ruwa ta yi ƙaranci, tarwaɗa da karfasa masu jure fadama suka rinjaya. Masunta suka bi ruwa gabas suna kafa ƙauyuka a ƙasar da ya bari, ba tare da lura da iyaka ba. Ta haka aka sami rikicin Darak, wanda Kotun Duniya ta yanke a 2002, ta tabbatar wa Kamaru da yankin. Harin Boko Haram na Janairun 2015 kuma ya watsa mutanen garin, kasuwar kifi ta Doron Baga ta durƙushe na tsawon shekaru.

A ƙarshe, abin lura shi ne, an shata iyakokin ƙasashe a kan taswira, amma masunci ruwa yake bi. Duk shirin da hukuma za ta yi wa jama'ar wannan gaɓa, in bai yi la'akari da haka ba, zai bar baya da ƙura.