Cin zarafin yara da sakaci da su: Abin da ya kamata iyaye su sani a yankin Kadawa

Idan aka ambaci cin zarafin yara a jihar Kano, abin da kan fara faɗo wa jama'a a rai shi ne manyan labaran da suka girgiza ƙasa, kamar na yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a watan Disamban 2021, ya kuma hallaka ta. Wata babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin 2022.

To sai dai mafi yawan cutarwar da ake yi wa yara ba ta kaiwa gaban alƙali ko gidan rediyo. A gida take faruwa, da gona, da bakin kasuwa, kuma sau da yawa iyaye ba sa ɗaukarta a matsayin laifi.

Yankin noman rani na Kadawa, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, misali ne na yadda irin wannan cutarwa kan ɓuya a cikin harkokin yau da kullum.

Mene ne cin zarafin yaro?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi gida-gida. Akwai cutar da jiki ta hanyar duka mai raunatawa ko ƙuna ko ɗauri. Akwai cutar da zuciya ta hanyar zagi da tsangwama da razanarwa. Akwai lalata da yara, da kuma ci da guminsu.

Sai kuma sakaci, wato gazawar mai kula da yaro wajen ba shi abinci da sutura da magani da ilimi da tsaro, alhali yana da halin yin hakan.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci. Talauci ba sakaci ba ne. Uban da ba shi da kuɗin magani daban yake da uban da ya sayar da amfanin gona amma ya bar ɗansa kwance da zazzaɓi.

Wani bincike da Hukumar Ƙidaya ta Najeriya ta gudanar a 2014, tare da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya gano cewa yara 6 cikin 10 a ƙasar sun fuskanci wani nau'i na cin zarafi kafin su cika shekara 18.

Binciken ya ce yarinya 1 cikin 4, da yaro namiji 1 cikin 10, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata, kuma galibin masu aikata hakan mutane ne da yaran suka sani. Waɗanda suka samu taimako daga baya ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Ruwa da gona

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, ita ce ke shayar da dubban kadadu a Kadawa, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa da tumatir da alkama da albasa sun sa aiki ba ya yankewa a yankin, rani da damina.

Albarkar tana da yawa, amma ta zo da nata nauyin a kan yara. Su ake turawa dashe da cire ciyawa, da korar tsuntsaye daga gonar shinkafa tun da asuba, da tsinkar tumatir da ɗaukar kwanduna idan kaka ta yi.

Taimaka wa iyaye a gona ba laifi ba ne, hasali ma wani ɓangare ne na tarbiyyar Bahaushe, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aikin kan zama zalunci ne idan ya hana yaro zuwa makaranta, ko ya fi ƙarfinsa, ko ya jefa lafiyarsa cikin hatsari.

Feshin maganin ƙwari na cikin irin wannan hatsari. Jikin yaro ya fi na babba saurin illatuwa da guba, don haka bai kamata a goya masa tankin feshi ba, ko a bar shi ya shiga gona da zarar an gama feshin, ko a riƙa zuba ruwan sha a galan ɗin da aka juye magani.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa a 2024 yara kimanin miliyan 138 ne ke aikin ƙarfi a duniya, kuma kashi 61 cikin 100 nasu a harkar noma suke.

Hanyoyin ruwan ma abin lura ne. Ban da hatsarin nutsewa, ruwan da ba ya gudu sosai matattara ce ta dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke shiga jiki ta fata yayin wanka ko wasa.

A wurare da dama akan ɗauki fitsarin jini a matsayin alamar balagar ɗa namiji. Ba haka ba ne. Cuta ce da ke jawo ƙarancin jini da lalacewar mafitsara da ƙoda idan ta daɗe, kuma tana da magani a asibiti.

Ga 'yan mata kuwa, babbar ƙofar hatsari ita ce talla. Yarinyar da ke yawo da abinci tsakanin leburori da direbobi a gonaki da kasuwannin kayan gwari har bayan magariba ba ta da mai kare ta, kuma tsoron komawa gida da kwantai kan sa ta bi duk wanda ya ce zai saye.

Me doka ta ce?

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, sannan ta kafa tata dokar a 2003, wadda ta haramta amfani da yara wajen talla da bara da aikin ci da gumi.

Jihohin arewa da dama sun daɗe ba su karɓi dokar ba, saboda taƙaddama kan shekarun aure da kuma dacewarta da Shari'a. Kano na cikin na ƙarshe-ƙarshe, inda Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sanya hannu kan dokar kare yara ta jihar a watan Mayun 2023.

Akwai kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta wa iyaye sanya 'ya'yansu a makaranta, shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare.

Fiƙihun Malikiyya da ake bi a yankin ya riga waɗannan dokoki ɗora nauyi a kan iyaye. Ciyar da ɗa da tufatar da shi wajibi ne a kan uba har sai ya balaga ya iya nema da kansa, ita kuwa 'ya mace har sai ta tare a gidan mijinta. Mutuwar aure ba ta sauke wannan nauyi, haka ma tura yaro almajiranci.

Alamomin da za a lura da su

Yaro ba kasafai yake faɗa da bakinsa ba. Ma'aikatan lafiya kan shawarci iyaye su lura da sauyin hali farat ɗaya, kamar shiru mai yawa, ko tsoron wani mutum takamaimai, ko komawa fitsarin kwance bayan an daina.

Sauran alamomin sun haɗa da raunin da bai yi daidai da bayanin da aka bayar ba, da wahalar zama ko tafiya, da kuɗi ko kyautar da ba a san wanda ya bayar ba.

Idan yaro ya buɗi baki, a saurare shi cikin natsuwa, kada a tsawata masa ko a ɗora masa laifi.

Ina za a kai ƙara?

Idan fyaɗe ne, asibiti ake fara zuwa, kuma cikin sa'o'i 72, domin a wannan tsakanin ne maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV ke aiki. A birnin Kano akwai cibiyar Waraka da ke asibitin Murtala Muhammad, wadda aka keɓe don waɗanda aka yi wa irin wannan ta'asa.

Ana kuma iya sanar da 'yan sanda, ko Hukumar Hisbah, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. A ƙauye, mai unguwa da dagaci da limami su ne suka fi kusa.

Babban cikas shi ne rufa-rufa. Iyaye da yawa kan zaɓi a sasanta a zaure don gudun abin kunya, musamman idan mai laifin ɗan uwa ne ko maƙwabci. Irin wannan sulhu kan bar yaron da ciwonsa, shi kuwa mai laifin ya ci gaba da zama a cikin sauran yaran unguwa.