Yadakunya: Inda Hannu Ya Sāke Kama Fartanya

'Yan'uwa, duk wanda ya san Rijiyar Zaki ya san cewa a ƙasar Ungogo gona tana jingine da gona, kowace taƙi tana da mai ita. A irin wannan wuri, manomin da hannunsa ya kāsa kama fartanya ya rasa abinci, sau da yawa kuwa har ya rasa mutunci. A dā, ciwon kuturta yana cikin abubuwan da suke jawo wannan.

Ga yadda abin yake. Ciwon yana kashe jijiyoyin hannu da na ƙafa. Mutum yana noma, ƙota ta goge masa tafi, ƙaya ta soke shi, shi kuwa bai ji ba. Gyambo ya kama, yatsu su lalace, daga nan sai bara.

Cikin shekara ta 1937, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, Mishan ta SIM ta karɓi aikin jiyyar masu wannan ciwo bisa ga yarjejeniya da En'e. Haka aka yi a Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A Kano, aikin ya zauna a Yadakunya, cikin ƙasar Ungogo ɗin nan. Sunan wurin ma kansa wa'azi ne.

Ba allura kaɗai aka yi musu ba. Masu sauran ƙarfi sun yi noma a gonakin wurin, suka ci daga gumin kansu. Waɗansu suka koyi sana'ar hannu da karatu, waɗansu kuma suka zama ma'aikatan jiyya, suna ɗaure gyambon 'yan'uwansu.

Bayan shekara ta 1950 ƙwayar dapson ta bazu a Arewa, mutane da yawa suka warke suka koma gida. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin ƙasa da mutum 1 cikin 10,000 mai ɗauke da ciwon. A 2019 kuma aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu.

Amma magani ba ya mayar da yatsa, doka kuma ba ta yin shuka. Manomin da ya naƙasa, ko ta ciwo ko ta hatsari, yana bukatar takalmin da zai kāre ƙafarsa, da ƙota mai laushi, da akuyar kiwo, da maƙwabcin da zai sayi kayansa ba tare da ƙyama ba. Wannan kuwa aikin ikilisiya ne da na unguwa. Bari mu duba, wane ne a cikinmu yake jira?