Tarihin Laƙabin D.I.T.C.: Yadda Tonon Tsofaffin Faya-fayai Ya Zama Sunan Ayarin Mawaƙa

Gabatarwa

A fagen gambarar zamani ta Amurka, wadda aka fi sani da hip-hop, sunaye iri biyu ne mawaƙa ke fakewa a ƙarƙashinsu. Akwai sunan ƙungiyar da ta ƙulla yarjejeniya da kamfani, take fitar da faifai tare, take raba kuɗi bisa ƙa'ida. Akwai kuma laƙabin ayari, wanda abokai ke kiran kansu da shi ba takarda ba shugaba, kowa na cin gashin kansa, amma da zarar an ambaci sunan sai kowa ya amsa. Na biyun ya fi yawa a tsakanin mawaƙan bayan fage, wato waɗanda manyan gidajen rediyo ba su cika sa waƙoƙinsu ba, sai mai so ya neme su da kansa. Wannan maƙala ta bi diddigin ɗaya daga cikin irin waɗannan laƙubba, wato D.I.T.C. na birnin Niyok, domin nuna inda ya samo tushe, da abin da ya ɗora wa masu shi, da dalilin da ya sa ya daɗe bayan an rasa wasu daga cikinsu.

Asalin Kalmomin

Haruffan huɗu taƙaitawa ce ta Diggin' in the Crates, ma'ana tono a cikin kiret. Kiret ɗin da ake nufi shi ne na ɗaukar madara. Masu juya faifai a wuraren biki sun gano cewa babban faifan garmaho mai faɗin inci 12 yana shiga irin wannan akwati daidai wa daida, sai ya zama ma'ajiyarsu kuma abin ɗaukar kayansu. Shagunan tsofaffin faya-fayai ma a cikin irinsa suke jibge hajarsu.

Tonon kuwa ya girmi laƙabin da kusan shekara ashirin. A ranar 11 ga Agusta, 1973, DJ Kool Herc ya yi bikin da ake ɗauka a matsayin mafarin hip-hop, a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke yankin Bronx. Dabararsa ita ce ya ware ɗan gurbin da mawaƙi ke yin shiru ganga kaɗai ke tashi, ya yi ta maimaita shi da kwafi biyu na faifai ɗaya. Daga nan darajar mai juya faifai ta koma kan abin da ke cikin kiret ɗinsa wanda babu shi a na wani. Har jiƙa faifai ake yi a ruwa a ɓare takardar sunan da ke jikinsa, don kada abokin gasa ya leƙa ya gane.

Wannan sirri bai ɗore ba. Daga 1986 zuwa 1991 aka fitar da jerin faya-fayai 25 masu suna Ultimate Breaks and Beats, waɗanda suka tattara fitattun guraben gangar da aka daɗe ana ɓoyewa, suka ajiye su a kanti ga duk mai kuɗin saye. Abin da ya zama na kowa ya daina zama abin tinƙaho. Wanda ke son ya fita daban dole ya nutsa cikin faya-fayan jaz da sol da kiɗan fina-finai waɗanda kasuwa ta manta da su. A wannan yanayi ne kalmar tono ta tashi daga bayanin aiki ta zama kirari.

Daga Sunan Waƙa Zuwa Sunan Ayari

Cibiyar ayarin ita ce rukunin gidajen gwamnati na Forest a unguwar Morrisania ta kudancin Bronx. Can Diamond D da Lord Finesse da Showbiz da Fat Joe suka tashi. Diamond D ne ya riga su shiga harkar, domin ya yi almajirci a hannun Jazzy Jay, ɗaya daga cikin masu juya faifai na zamanin farko. A 1990 Lord Finesse ya fitar da kundinsa na farko, Funky Technician, a kamfanin Wild Pitch. Diamond D da Showbiz suna cikin waɗanda suka haɗa kiɗan, A.G. kuma ya sa murya. Ke nan aikin tare ya riga sunan zuwa.

Sunan ya bayyana ne a ƙaramin kundin Soul Clap, wanda Showbiz da A.G. suka fara fitarwa da kuɗinsu a 1991, kafin kamfanin Payday ya sake fitar da shi a 1992. A cikinsa akwai waƙa mai suna Diggin' in the Crates, inda suka haɗu da Diamond D da Lord Finesse. Sunan waƙar ne ya bi mutanen huɗu, aka taƙaita shi zuwa haruffa, ya zama inuwar da abokansu suka riƙa shigowa.

Sauran sun shigo ne ta hanyar zumunci da gwajin basira. Big L, ɗan Harlem, ya haɗu da Lord Finesse a 1990 a wani shagon faya-fayai da ke titi na 125, ya rera masa baitoci nan take, Finesse ya ja shi a jiki. Buckwild ɗan Bronx ne mai haɗa kiɗa. O.C., wanda aka haifa a Brooklyn, aikinsa da Buckwild ne ya kusanto da shi. Da haka adadin ya kai takwas. Shigowar ɗan Harlem da ɗan Brooklyn ta nuna cewa laƙabin ya wuce iyakar unguwa: abin da ya haɗa su shi ne ɗabi'ar aiki.

Nauyin da Sunan Ya Ɗora Musu

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Wanda ya kira kansa mai tono ba shi da damar ɗauko abin da kowa ya sani. Abubuwa biyu kuma suka ƙara tsananta wannan sharaɗi.

Na farko shi ne kayan aiki. Na'urar tsakuren sauti da ta fi tashe a lokacin ita ce SP-1200 ta kamfanin E-mu, wadda ta fito a 1987, kuma sautin da take iya riƙewa bai wuce na kimanin daƙiƙa 10 ba. Don haka mai haɗa kiɗa kan saurari faifai sukutum domin ya tsinci bugun ganga ɗaya ko busar ƙaho ta daƙiƙa biyu. Akan ƙara wa faifan gudu a lokacin ɗauka, sannan a rage shi a cikin na'ura, don a yi tsimin wuri. Wannan dabara ce ta ba kiɗan zamanin kaushin da aka san shi da shi.

Na biyu shi ne shari'a. A Disambar 1991 alƙali Kevin Thomas Duffy na kotun tarayya a Niyok ya yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie da kamfaninsa, saboda amfani da kiɗan Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, aka kuma janye kundin daga kasuwa. Daga ranar kamfanoni suka dage sai an nemi izinin kowane tsakure an biya kuɗinsa. Mai tono ya rage da zaɓi biyu: ko ya biya, ko ya nemo abin da ba a sani ba ya daddatsa shi har mai shi ya kasa gane kayansa. Baje kolin tsofaffin faya-fayai da ake yi a otal ɗin Roosevelt na Manhattan a farkon shekarun 1990 ya zama mahaɗar masu wannan sana'a, inda ƴan D.I.T.C. ke gogayya da irin su Pete Rock da Q-Tip da Large Professor wajen rigegen kai wa ga faifai mai wuyar samu.

Ayari, Ba Ƙungiya Ba

Kusan shekara goma sunan ya yi yana yawo ba tare da kundi ko ɗaya da ke ɗauke da shi a matsayin mai waƙa ba. Kowa da kamfaninsa da kundinsa. A 1992 Showbiz da A.G. suka fitar da Runaway Slave, Diamond D ya fitar da Stunts, Blunts and Hip Hop. Na Fat Joe, Represent, ya biyo baya a 1993, sai Word...Life na O.C. a 1994, sai kundin farko na Big L a kamfanin Columbia a 1995. Duk wanda ya duba bayan waɗannan faya-fayai zai tarar da sunaye iri ɗaya suna maimaituwa: wannan ya haɗa wa wancan kiɗa, wancan ya ara wa wannan murya. Gayya ce irin ta manoma, yau a gonar wane, gobe a ta wane.

Hannunsu ya kai har cikin manyan kundayen da suka fi nasu kasuwa nesa ba kusa ba. Showbiz ya haɗa wa KRS-One kiɗa a 1993. Lord Finesse ne ya haɗa kiɗan waƙar ƙarshe a kundin farko na Notorious B.I.G. a 1994, haka ma waƙar ƙarshe a kundin Dr. Dre na 1999. Diamond D ya yi aiki a kundin The Score na Fugees na 1996, wanda ya ci kyautar Grammy. Miliyoyin mutane sun ji aikin ayarin ba tare da sun taɓa jin sunansa ba.

Rashin Big L da Kundin Shekarar 2000

Sai a 1997 suka fitar da waƙar Day One da sunan D.I.T.C. a ƙarƙashin ƙaramin kamfaninsu, daga baya suka ƙulla yarjejeniya da Tommy Boy domin cikakken kundi. Kafin aikin ya kammala, a ranar 15 ga Fabrairu, 1999, aka harbe Big L a titi na 139 a Harlem, yana da shekara 24. Har yau ba a hukunta kowa a kan kisan ba. Shi ne ƙaraminsu, shi ne kuma wanda aka fi sa wa rai.

Kundin ya fito a 2000 ɗauke da muryar mamacin, amma bai yi kasuwar da aka zata ba. Zamani ya riga ya juya: kiɗan da ake haɗawa da madannai ba tare da tsakure ba ya mamaye rediyo, ga shi kuma ba ya buƙatar biyan kowa. A shekarar ce kuma kundin Big L na bayan rasuwa, The Big Picture, ya fito a kamfanin Rawkus ya sayar da kwafi sama da 500,000. Fat Joe kuwa ya riga ya kafa nasa ayarin, Terror Squad, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a 2004. Duk da haka ba a ce ya fita daga D.I.T.C. ba, domin babu rajistar da za a goge sunansa a ciki. Rashin tsarin da ya hana ayarin zama babbar ƙungiyar kasuwa shi ne kuma ya hana shi rushewa. An sake fitar da kundaye da sunan a 2008 da 2016.

Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Akwai tambayar da laƙabin ya ɗauko tun ranar farko: abin da aka tono, na wane ne? A 2012 Lord Finesse ya kai matashin mawaƙi Mac Miller kotu yana neman diyyar dala miliyan 10, saboda ya hau kiɗan waƙarsa ta 1995, Hip 2 Da Game, a wani kundin da aka raba kyauta a intanet. Masu suka suka ce wanzami ne ba ya son jarfa, tun da shi ma kiɗan an gina shi ne a kan tsakure daga faifan makaɗin jaz Oscar Peterson. Masu goyon bayansa suka ce ba ɗaya ba ne: wanda ya tono ɗan guntu ya sarrafa shi ya zama sabon abu ya yi aiki, wanda kuwa ya ɗauki kiɗan da aka gama ginawa ya yi suna da shi bai tona komai ba. An sasanta a wajen kotu, don haka alƙali bai raba gardamar ba. Sai dai ta fito da ma'anar da ƴan ayarin ke ba sunansu, wato cewa wahalar nema da gwanintar sarrafawa su ne ke halatta aro.

Kammalawa

Tarihin D.I.T.C. ya nuna matakai huɗu da laƙabin ya bi: aikin masu juya faifai, sai sunan waƙa, sai sunan ayarin mutum takwas, sannan sunan kamfani da kundi. A matakin ƙarshe ne ya fi rauni, domin ba don kasuwa aka raɗa shi ba. A yau yawancin masu haɗa kiɗa a intanet suke neman tsofaffin sautuka, akwai ma shafukan da ke tona asalin kowane tsakure cikin ɗan lokaci, sirrin da aka riƙa jiƙa faifai dominsa ya ƙare. Amma har yanzu tono ake kiran aikin, ko da mai yinsa bai taɓa ɗaga kiret ba.