Tarihin Gano Shingen da ke Tsakanin Jini da Ratina

Ratina ita ce tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido daga ciki, mai karɓar haske ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. Da jini take rayuwa, amma da ruwansa ya tsattsafo cikinta sai gani ya dushe. Wannan takarda za ta bi diddigin yadda masana suka gano abin da ke tsare ta.

Rini ne ya fara tona asirin. A 1885 Paul Ehrlich na Jamus ya zuba wa dabbobi rini a jini, sai gaɓoɓinsu suka rinu ban da ƙwaƙwalwa. A 1913 Schnaudigel ya ga ratina ma ba ta rinuwa. An tabbata ke nan akwai shinge, amma aka yi fiye da shekara 50 ba a san inda yake ba.

A 1965, a Landan, Norman Ashton da José Cunha-Vaz suka nuna cewa histamin, wanda kan sa jijiyoyin jini yoyo, ba ya taɓa na ratina. A 1966 Shakib da Cunha-Vaz suka duba da madubin ilektiron, suka iske ƙwayoyin bangon jijiyoyin a ɗinke suke da juna, babu kafa. Wannan shi ne shingen ciki. Na waje kuwa jerin ƙwayoyi ne masu launi da suka raba ratina da jijiyoyi masu yoyo da ke bayanta. Sukari ma ba ya wucewa sai ta ƙofofi na musamman.

Shingen ciki tare da jijiyoyin yake ginuwa. Sukan fara tsirowa a wata na 4 na ciki, ba sa kai gefen ratina sai dab da haihuwa. Don haka idon bakwaini ke cikin haɗari, kuma a 1951 Kate Campbell ta Ostareliya ta danganta makantar bakwaini da yawan iskar oksijin da ake ba su.

Ciwon sukari ma yakan warware wannan ɗinki, ratina ta kumbura. Da aka gane sinadarin VEGF na cikin masu haddasa yoyon, sai aka nemi abin da zai daƙile shi. A 2012 Amurka ta amince da allurar ranibizumab don wannan kumburi. Wato sai da aka san inda shingen yake sannan aka iya gyaransa.